Amsoshin Wasiƙunku: Ga Masu Son Ƙera Agogo a Gida

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan karon duk a kan agogon ƙarfe suke, wato wanda ba ya cin batir, nauyi ko sifirin ne ke tafiyar da shi, da yadda mutum zai ƙera shi da hannunsa a ɗan shagon da ya gyara a zaure ko a garejin gida. Na taƙaita tambayoyin, kuma na ɓoye sunaye kamar yadda muka saba.

Malam, na gama karatun injiniya a Zariya, ina da ɗan abin da na tara. Sabon ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe na China zan saya, ko tsohon na Ingila da wani dillali ya nuna min? Ya ce Myford ne.

Ɗana, Myford suna ne mai daraja. Samfurin ML7 ya fito tun 1946 daga Nottingham, kuma masu ƙera agogo da yawa a Ingila a kansa suka yi aikinsu. Amma injin da ya shekara hamsin ko sittin yana aiki, abin dubawa shi ne jikinsa. Ka je da wanda ya san sana'ar, ba abokin dillalin ba. Ku zura doguwar sandar ƙarfe a bakin injin ku girgiza. In kun ji motsi, to uwar sandar ta ci. Ku tura keken da ke ɗauke da wuƙa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In yana sakwa-sakwa kusa da kai amma yana cijewa a can nesa, gadon ya zaizaye, kuma gyaran gado ya fi ƙarfin mai walda. Ku ƙirga giyoyin canji, don yawanci rabinsu sun ɓace. Ku duba motar, kada ta kasance mai layi uku alhali gidanku layi ɗaya ne. In dillali ya ce ba za a kunna ba sai ka ba da kafin alƙalami, ka yi masa sallama.

Ƙaramin na China, wanda ake rubuta wa 7x14, ya isa aikin agogo, domin babban faifan da za ka yanka, wato giyar agogo mai haƙora a gefenta, da wuya ya wuce santimita 12. Lahaninsa biyu ne. Yakan zo a sakwarkwace, sai ka kwance shi ka wanke ka ɗaure. Sannan allon lantarkin da ke sarrafa gudunsa ba ya jure hawa da saukar wutar da muke fama da ita. Kada ka taɓa jona shi kai tsaye da ƙaramin janareto, ka sa sitabilaiza mai kyau a tsakani, kuma ka tambayi mai sayarwa tun kafin ka biya ko yana da allon canji. In daga Amurka za a turo maka, ka tabbatar ba mai wuta 110 ba ne.

Shawarata ita ce kada ka sayi ko ɗaya a wannan watan. Duk abin da ka ware wa injin, ka sani kusan wani kamarsa zai tafi a kan wuƙaƙe, bakunan huda, faifan raba haƙora, ma'auni da tagulla. Wanda ya zuba duk jarinsa a kan injin yakan wayi gari da injin a ɗaki ba abin da zai yanka. Ka fara da ma'auni, magagari da zarton ƙarfe, ka yanke faranti biyu na jikin agogon da hannu. In ka gama su suka hau juna daidai, sai mu yi maganar injin.

Nawa zan riƙa samu a wata idan na fara ƙera irin wannan agogon ina sayarwa?

Ba ka tambayi yadda ake yanka haƙori ɗaya ba, ka fara lissafin riba. Agogon bango mai batir yana nan jibge a Sabon Gari a kan kuɗin da bai kai na tagullar faifai guda ba, kuma ya fi naka kiyaye lokaci. Agogon farko yakan ci wa mai koyo watanni. In kuɗi kake nema, ka koyi gyaran agogo ko yanka bushi da shaf na injin markaɗe da famfon ban ruwa, akwai ciniki a nan. Ƙera agogo daga tushe aiki ne na mai son abin.

Baba, na sayi farantin tagulla a wurin masu tsofaffin ƙarafa da araha sosai. Da na fara yankawa sai na ga cikinsa fari ne, wuƙar kuma ta dakushe. Me ya faru?

An sayar maka da jabu, ƙanena. Abin da ka saya farin ƙarfe ne da aka shafa wa launin zinare, irin wanda ake yi wa ƙofofi ado. Zan daɗe a kan tambayarka, domin babu abin da yake kashe wa matasanmu gwiwa a wannan sana'a kamar kayan algus.

Ka fara da tagullar kanta. Ka riƙa yawo da mayen ƙarfe a aljihu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka rufa. Amma wani farin ƙarfen maye ba ya kama shi, don haka kada ka tsaya a nan. Ka goga magagari a kusurwar farantin a gaban mai kaya. Tagullar gaske rawaya ce har ciki. In ya hana ka gogawa, ya riga ya ba ka amsa. Na uku shi ne sikeli. Farantin tagulla mai santimita 10 tsawo, 10 faɗi, kauri milimita 3, nauyinsa wajen giram 255 ne. In alminiyam ne da aka rina, da ƙyar zai wuce giram 80. Wannan lissafin ba ya buƙatar kowa ya rantse maka.

Ko tagullar gaske ma iri-iri ce. Wadda masu agogo ke so ita ce mai ɗan sirkin dalma, wajen kashi 2 cikin ɗari, wadda Turawan Ingila ke rubuta wa CZ120. Alamarta a bakin wuƙa take. In kana yankawa tana zubo da ɓarɓashi ƙanana-ƙanana, ita ce. In kuwa tana fitar da dogon zare mai nannaɗewa yana kama wuƙa, ta rasa dalma, za ta wahalar da kai kuma gefen haƙoran zai yi gemu. Tagullar da aka narka aka zuba, kamar yadda maƙeran Bida ke yi, ana iya aiki da ita, domin agogunan Turai na ƙarni na 18 ma da zubabbiyar tagulla aka yi su, ana buge ta da guduma har ta yi tauri. Matsalarta ramukan iska da ke ɓoye a ciki. Kana kan haƙori na hamsin cikin sittin da huɗu sai wuƙa ta faɗa rami, faifan ya tashi aiki. Mai koyo ya nemi birgimammen faranti na masana'anta, ko da ƙarami ne.

Yanzu ma'auni, inda ha'incin ya fi ciwo. Ma'aunin kauri mai lambobin lantarki da aka rubuta wa Mitutoyo, kamfanin Japan, yana cikin kayan da aka fi kwaikwayo a duniya. Za a kawo maka shi a kwali mai kyau har da takardar shaida, a kan kuɗin da bai kai rubu'in na gaske ba, a ce maka kwastan ne suka yi gwanjo. Ƙarya ce. Na jabu yakan shanye batir cikin 'yan makonni, kuma ya fi haka muni, yakan ba ka lamba ɗaya yanzu, wata dabam an jima. Ga gwajin da za ka yi a tsaye a shago: ka rufe bakinsa, ka mayar da shi sifili, ka buɗe ka rufe sau goma. Dole ya koma sifili kowane karo. Sannan ka ɗaga shi sama wajen haske yana rufe. In haske na ratsa tsakanin leɓɓansa, ajiye shi. Daga nan ka fito da sabon boris mai lamba 6201, wanda ke ko'ina a wurin masu kayan babur. Raminsa milimita 12 ne, bayansa 32, kaurinsa 10. Ma'aunin da ya kasa faɗin waɗannan lambobi uku ba zai iya faɗa maka kaurin tsinin sandar agogo ba. Gara ka sayi ma'auni mara suna wanda ya ci wannan gwaji, da ka sayi mai babban suna na ƙarya.

Me ya sa nake zafi a kan wannan? Saboda agogo ba ya yafe kuskure. A ƙofar ƙarfe ko gadon yara, in an kauce da milimita ɗaya walda za ta rufe. A agogo, gibin da ake bari tsakanin tsinin sanda da raminta bai wuce kaurin gashin kai ba. In ya matse, agogo ya tsaya. In ya yi yawa, haƙora su daina haɗuwa daidai. Kuma ƙarfin da ke isa faifan ƙarshe ɗan mitsitsi ne, domin kowane faifai yana ninka gudu yana rage ƙarfi. Ka duba lissafin agogo mai lilon daƙiƙa, wato sanda mai dutse a ƙasa da ke kaɗawa sau ɗaya a kowace daƙiƙa: faifan tsakiya mai haƙora 64 yana juya ɗan giya mai 8, faifai na uku mai 60 yana juya wani ɗan giya mai 8, wato 8 sau 7 da rabi, sittin ke nan. Shi ya sa in faifan tsakiya ya zaga sau ɗaya a awa, faifan ƙarshe mai haƙora 30 yake zagawa sau ɗaya a minti. Ƙarfin ya ragu sau sittin kafin ma a cire abin da gogayya ta ci. Haƙori ɗaya tak da ya karkace ya isa ya tsayar da komai. Yaro zai yi wata uku yana aiki da ma'aunin ƙarya, agogo ya ƙi tafiya, ya ɗauka shi ne bai iya ba, ya watsar da sana'ar. Wanda ya sayar masa da jabun ya cuce shi a kuɗi, ya kuma raba shi da abin da wataƙila shi ne baiwarsa. Wannan haƙƙi ne, kuma mai kasuwar da ke karanta wannan shafi ya ji tsoron Allah.

Ban gama ba. Bakunan huda masu launin zinare da ake sayarwa goma sha uku a gwangwani, an rubuta HSS a jikinsu, wato ƙarfe mai tauri na yanka ƙarfe, yawancinsu fenti ne a kan ƙarfe mai taushi. Ka taɓa gindin ɗaya a dutsen wasa wuƙa na lantarki. Na gaske yana fitar da tartsatsi kaɗan, ja mai duhu. Na ƙarya yana watsa fari mai rassa. Magagari kuma ka goga shi a kan noti. In haƙoransa suka yi ƙyalli suka kwanta tun gugar farko, bai sha wuta yadda ya kamata ba. Har wuƙar yanka haƙora akwai tarko a cikinta. Masu araha da ake tallatawa a intanet na giyar injina ne, siffar haƙorinsu dabam take da ta agogo. A agogo babban faifai ne ke tura ƙaramin giya mai haƙora shida ko takwas, kuma siffar da ta dace da wannan ita ce wadda kamfanoni irin su P.P. Thornton na Ingila ke yi, da tsadarta. In ba ka da halin saye, ka sassaƙa wuƙa mai baki ɗaya da kanka daga sandar ƙarfe mai shan tauri, ka gasa ta ta yi ja, ka tsoma a ruwa ko mai, ka sake ɗumama ta kaɗan don kada ta karye. Ɗan giyar kuma ka yi irin na keji, faifai biyu ƙanana da tsinkayen ƙarfe a tsakani, wanda ba ya buƙatar wuƙa ko kaɗan.

Laifin ba na 'yan kasuwa kaɗai ba ne. Mu masu saye mun saba da tambaya ɗaya: wanne ya fi araha? Mai shago ya san in ya ajiye gangariya za ta kwana, in ya ajiye jabu za ta tashi kafin azahar. A Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna akwai mutanen kirki da za su ce maka wannan na gaske ne, wannan kuma ba ruwana, in sun ga ka san abin da kake nema. Ka nemi irinsu ka riƙe su, ka karɓi rasit, ka sayi kaɗan ka gwada kafin ka sayi da yawa. Farantin da ke hannunka kuma ka mayar, in an ƙi karɓa ka ajiye shi kana nuna wa masu koyo.

Na bi zanen wani agogo da aka buga a Ingila, na yanke sandar lilo daidai yadda aka rubuta, amma kullum yana makara da fiye da minti biyu. Ko na ɓata aikin ne?

Ba ka ɓata komai ba, ka kwantar da hankalinka. Agogon da yake tafiya dare da rana yana makara da adadi ɗaya kullum, lafiyayyen agogo ne, kuma na taya ka murna. Ƙasar da ka tsaya a kai ce ta bambanta. Ƙarfin da ke jan abu zuwa ƙasa ya ɗan fi rauni a yankinmu kusa da tsakiyar duniya fiye da Landan. Lilon da ke buga daƙiƙa ɗaya a kowane kaɗawa tsawonsa wajen milimita 994 ne a can, a Kano kuwa wajen 991. Wannan milimita ukun su ne mintunanka biyu. Ba kai ka fara gani ba. A 1672 wani masanin taurari Bafaranshe, Jean Richer, ya kai agogonsa daga Faris zuwa Cayenne a Kudancin Amurka, ya tarar yana makara da kusan minti biyu da rabi a rana, sai da ya rage tsawon lilon. Shekara goma sha shida ke nan kacal bayan Christiaan Huygens na Holan ya ƙera agogon lilo na farko a 1656.

Maganin yana ƙarƙashin dutsen lilon. Ka ɗaure notin ya tura dutsen sama. Kowace milimita ɗaya tana canza tafiyar da wajen daƙiƙa 43 a rana, don haka in zaren notinka M6 ne, wato na kusa mai kaurin milimita 6, zagaye ɗaya kusan haka zai ba ka. Yi zagaye uku, ka bar shi kwana biyu kana gwada shi da agogon waya, sannan ka ƙarasa da kaɗan-kaɗan. Kada ka riƙa taɓa shi kowace awa.

Ka kuma shirya wa zafi da sanyi. Sandar baƙin ƙarfe tana miƙewa in ta ji zafi, agogo ya makara da wajen rabin daƙiƙa a rana kan kowane digiri ɗaya. In ɗakinka ya bambanta da digiri 15 tsakanin sanyin Janairu da zafin Afrilu, kusan minti ɗaya ke nan a mako. Sandar tagulla ta fi haka muni, kada ka yi amfani da ita don kyan gani. Akwai ƙarfen da ake kira Invar, mai nikel kashi 36 cikin ɗari, wanda Charles Guillaume ya gano a 1896 har ya samu kyautar Nobel a 1920. Kusan ba ya miƙewa. Amma kada ka yarda wani ya miƙo maka sanda a kasuwa ya ce ita ce, ba ka da hanyar tantancewa da ido. Busasshen katako mai miƙaƙƙen zare, wanda aka shafe da banish ciki da bai har kan yankan, ya fi baƙin ƙarfe jure zafi, kuma yana nan a wurin kafinta.

Malam, ni uwa ce. Ɗana mai shekara goma sha bakwai ba ya da magana sai ta agogo, ya kwance na gidan duka. Mahaifinsa ya rasu, ba ni da kuɗin injin, kuma ina tsoron kada abin ya ɗauke masa hankali daga karatu. Wasu na cewa aikin Turawa ne, ba namu ba.

Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya sa ya huta. Hajiya, wasiƙarki ta taɓa ni. Yaron da a shekarunsa abin da ya dame shi shi ne yadda haƙora ke juya juna, ki gode wa Allah a kansa. Ba injin yake buƙata yanzu ba, kada ki ci bashi, kada ki taɓa kuɗin adashinki.

Ki gaya masa labarin John Harrison. Kafinta ne ɗan kafinta a ƙauyen Ingila, an haife shi a 1693, kuma agogonsa na farko da ya yi a 1713, yana ɗan shekara ashirin, kusan duk da katako ya yi shi. Wanda ya yi wa gidan dawakin Brocklesby Park wajen 1722 har yanzu yana aiki, ba a zuba masa mai, domin ya yi amfani da wani katako mai maiƙo a jikinsa a wuraren da ke gogayya. Wannan kafintan ne daga baya ya ƙera agogon da ya ba matuƙan jirgin ruwa damar sanin inda suke a tsakiyar teku. Masu cewa ba namu ba ne kuma, ki tuna musu da al-Jazari, wanda ya rubuta bayanin agogunan ruwa da ya ƙera a Diyarbakir a 1206, da Taƙiyyuddin wanda ya yi rubutu a kan agogon ƙarfe a daular Usmaniyya a ƙarni na 16.

Abin da za ki saya masa kaɗan ne: ƙaramin zarto mai siririn baki na yanka zane, magagari biyu ko uku, kamfas da rula na ƙarfe, takardar goge katako, da filawud mai kyau mai falle da yawa wanda ba shi da rami a gefensa. Filawud nake cewa saboda dalili. Faifan da aka yanka daga katako guda yana kumbura ta gefe ɗaya da damina, ya motse da hunturu, sai ya daina zama da'ira. Katako mai tauri irin kirya ko kanya ya ajiye shi don ƙananan sassa, kuma sai wanda ya bushe sosai. Nauyi ne zai ja agogon, ba sifirin ba. Gwangwanin da aka cika da yashi ya wadatar. Ya fara da wanda ake ɗaga wa nauyi kullum, kada ya ce sai mai kwana takwas.

Batun karatu kuwa, ki sa masa sharaɗi: aikin agogo bayan an gama aikin makaranta. Za ki ga lissafinsa ya ƙaru, domin ba zai raba da'ira gida sittin ba sai ya fahimci kusurwa. In akwai amintaccen mai gyaran agogo a unguwarku, ki sa kawunsa ya kai shi ya riƙa zama wurinsa ranar Asabar. Allah ya raya miki shi, ya sa ki ci moriyarsa.

Zan iya zuba wa agogon man gyaɗa ko baƙin man mota? Man agogo ya yi tsada.

A'a. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama danƙo, baƙin mai ya yi kauri, abin fesawa na WD-40 kuma ba man agogo ba ne, yana wanke wanda ke wurin ya bar datti. Ka yi watanni kana aiki, sannan ka tsaya jayayya a kan kwalbar da za ta yi maka shekaru? Ka nemi man agogo na gaske, irin Moebius na Suwizalan, daga hannun wanda ka yarda da shi, don shi ma ana ɗura wani abu a kwalbarsa. In ya gagara, man keken ɗinki mai tsabta ya fi waɗancan duka. Ɗigo ɗaya a bakin allura ga kowane rami, da ɗan shafi a leɓɓan ƙugiyar da ke sakin haƙori. Haƙoran faifai ba a sa musu mai ko kaɗan. A ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga har cikin kwanon da aka rufe, mai da ƙura in sun haɗu suna cin tagulla, don haka ka yi wa agogon akwati mai gilashi kafin ka rataye shi.

An kawo min agogon tsaye mai lilo, an ce tsohon na Turawan mulki ne, ana neman kuɗi mai yawa. In saya don in koyi yadda aka haɗa shi?

Buɗe bayansa tukuna. In ka ga ƙaramin baƙin akwatin roba da gurbin batir, lilon ado ne kawai, maganaɗisu ke kaɗa shi. In ka ga faranti biyu na tagulla da faifai a tsakani, na gaske ne, amma wannan bai nuna shekarunsa ba, kuma labarin wane Bature ya mallake shi ba ya ƙara masa ko sisi sai da takarda. Don koyo, mataccen agogon da ake wanawa, wanda mai gyara zai ba ka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya fi maka amfani. Sai dai ka kiyaye: in mai sifirin ne, kada ka kwance farantin sai an sauke ƙarfin sifirin a hankali da makulli. Yana iya fizgewa ya tsaga maka yatsa ya kakkarya haƙoran.

Ina so in narka dalmar tsohon batirin mota a gida in yi dutsen lilo da nauyi. Wace tukunya ta dace?

Babu wadda ta dace, kuma ina roƙonka kada ka yi. A cikin batir akwai ruwan asid, hayaƙi da ƙurar dalma kuma guba ne, sun fi yi wa ƙananan yara illa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Tsakar gidan da ake girki, yara na rarrafe, ba wurin wannan aiki ba ne. Ka yanki guntun shaf na baƙin ƙarfe mai kauri a wurin masu tsofaffin ƙarafa, ko ka cika bututu da ƙananan notuna da yashi ka toshe. Agogo mai kwana takwas yakan so wajen kilo biyar zuwa shida, mai kwana ɗaya ƙasa da haka.

Tunda maganar lafiya ta zo, wannan ga duk wanda zai tsaya gaban injin sassaƙa ne. Ba a aiki da babbar riga, ko jamfa mai faɗin hannu, ko rawani mai jela, ko hijabin da ba a soke shi cikin rigar aiki ba. Injin in ya kama tufa ba ya saki. A cire zobe da agogon hannu, kada a sa safar hannu, kada a bar makullin bakin injin a jikinsa ko na daƙiƙa ɗaya. A sa tabarau na kariya, domin ɓarɓashin tagulla in ya shiga ido mayen ƙarfe ba ya ciro shi, sai asibiti. In an ɗauke wuta kana cikin aiki, ka kashe makunnin injin nan take kafin ka nemi tocila, kuma ka kulle shagon duk lokacin da za ka fita in akwai yara a gidan.